Ƙirƙirarriyar Basira Tana Rubuta Manhaja, To Ina Aikin Mutum?

Matasan da ke karatun kwamfuta a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da Kwalejin Hassan Usman Katsina suna yawan tare ni da waɗannan tambayoyi, wasu cikin zumuɗi, wasu cikin fargaba. Ga abin da nake gaya musu.

Da gaske ne na'ura tana rubuta manhaja da kanta?

Gaskiya ne. GitHub Copilot, mai taya mutum rubuta manhaja, ya bayyana a 2021, ChatGPT mai amsa tambayoyi kuma a Nuwamban 2022; dukansu ƙirƙirarriyar basira (AI) ce. An horar da su da ɗimbin kod ɗin da mutane suka rubuta, wato umarnin da ake rubuta wa kwamfuta, sai su riƙa hasashen abin da ya dace ya biyo baya. Shi ya sa suka gwanance a aikin da aka saba yi, kamar shafin rajista.

Ke nan aiki ya ƙara sauri?

A wani wuri, ƙwarai kuwa. Amma a 2025 cibiyar bincike ta METR ta gwada ƙwararru 16 a kan manyan manhajojin da suka daɗe suna aiki da su. Da suka yi amfani da ƙirƙirarriyar basira, lokacin aikinsu ya ƙaru da kashi 19 cikin 100, alhali su a ransu gani suke sun yi sauri da kashi 20. Wani ɓangare na lokacin ya tafi ne wajen karanta abin da na'ura ta rubuto da gyara shi. Kayan ƙirƙirarriyar basirar sun inganta tun daga nan, sai dai har yanzu jin ka yi sauri daban, gama aiki daban.

Me mutum ya sani da ita ba ta sani ba?

Nan ne gizo ke saƙar. A ce wani Alhaji mai hatsi a Daura ya ce ka yi masa manhajar lissafi. Kafin ka shanye shayinka na'ura ta zubo maka kod, tsaf da shi. Amma da kilo za ta auna, shi kuwa da tiya da buhu yake ciniki. Za ta ɗauka kuɗi iri ɗaya ne, alhali mutanen Nijar da ke shigowa ta Kwangwalam wani sa'in da sefa suke biya. Ba ta san rabin cinikin bashi ne da ake biya bayan kaka ba, ko cewa a littafinsa akwai Musa Abdullahi har uku, da laƙabi ake bambance su. Za ta kuma ɗauka kullum akwai sabis. Wanda ya ga yadda aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina a Satumban 2021 ba sai an gaya masa manhaja ta iya aiki ba tare da intanet ba.

Duk waɗannan in ka faɗa mata za ta gyara. To wa zai faɗa mata? Sai wanda ya zauna a rumfar, ya ga yadda yaron shago ke rubutu, ya ji abin da Alhaji bai ma san ya kamata ya faɗa ba. Ni a wurina wannan zaman shi ne ainihin aikin, kuma yana damuna in ga yaranmu suna raina shi.

In aka sami kuskure, laifin wa?

Naka. Alhaji bai san wata na'ura ba, kai ya ba amana. Kuma kada ka kwashe sunaye da lambobin wayar abokan cinikinsa ka zuba mata. Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a tun 2023.

Sabon shiga ya yi amfani da ita?

Ya yi, amma da sharaɗi. Ka fara gwada rubutawa da hannunka, in ka cije sannan ka tambaye ta. Duk layin da ba za ka iya bayyana wa abokinka da Hausa ba, kada ka bar shi a cikin aikinka. Sannan ka gwada manhajar a ƙaramar wayar da yaron shago ke riƙewa, ka kashe data, ka rubuta suna mai ƙ da ɗ, ka ga ko za ta nemo shi.