Farin ruwa, ƙaiƙayi da zafin fitsari: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Yau kaɗai mata huɗu suka yi min tambayoyin nan a ɗakin awo kafin azahar. Bari in rubuta, ko na huta.

Ina ganin farin ruwa, sanyi ne?

In babu wari, babu ƙaiƙayi, babu zafi, lafiyarki ƙalau. Tsakanin al'ada da al'ada ma yakan yi yauƙi kamar farin ƙwai. Halitta ce.

A masai na ɗauka?

A'a. Ki daina ɗora wa bayin gidan haya laifi. Ƙwayar da ta fi kawo zafin fitsari, E. coli, daga hanjinki take, hanyar fitsarin mace kuwa ba ta wuce santimita 4 ba. Ki yi tsarki daga gaba zuwa baya, ki sha ruwa, ki bar riƙe fitsari.

In yi matsi da bagaruwa ko alif?

Haba baiwar Allah! Wurin da kansa yake wanke kansa. Sabulu, miski da hayaƙin tsuguno su ke kashe ƙwayoyin da ke tsare ki, sai ƙarnin ya ƙaru. Ruwa zalla, daga waje.

Na sha Ampiclox daga kemis, ƙaiƙayin ya ƙaru.

Dole. Maganin ne ya buɗe wa ƙaiƙayin hanya. Ki zo a gwada.

Ina warkewa yana dawowa. Sai maigida ya sha magani? Kishiya fa?

To, nan ya danganta, shi ya sa ba na son amsa ta a waya. In ruwan fari ne guda-guda kamar kindirmo, ga ƙaiƙayi amma ba wari, galibi ba daga maigida ba ne. Ciki kan kawo shi, haka ciwon suga, don haka mai yawan samun sa a auna mata suga. In kuma ruwan ɗorawa ne ko kore-kore, mai kumfa ko kamar mugunya, ko ga ciwon mara da zafi lokacin kwanciya, mai yiwuwa irin wanda ake ɗauka a shimfiɗa ne. Wannan kam sai kowa ya sha: ke, shi, da abokiyar zama, lokaci guda, a kuma haƙura da juna kwana 7. Namiji kan ɗauke shi bai ji komai ba, "ni lafiyata ƙalau" ba hujja ba ce. Amma ido kan yi kuskure, gwaji ne ke rabewa, kada ki je ki tayar da gida kafin sakamako ya fito. In kina jin nauyin faɗa masa, kawo shi, mu mun saba. Barin ciwon ba magani ne ke toshe hanyar ƙwai, a zo ana neman haihuwa.

Yaushe zan tafi asibiti ba jira?

Zazzaɓi da ciwon kwiɓi. Jini a fitsari, musamman mai wanka ko wanki a kududdufi, tsargiya na nan. Zafin fitsari ga mai ciki, don yana iya jawo naƙuda kafin lokaci. Jini bayan kwanciya, ko bayan al'ada ta ɗauke gaba ɗaya: wannan, Hajiya, a duba bakin mahaifa a makon nan, ba bayan biki ba.

Tun da na haihu fitsari ke zuba.

Kada ki ɓuya a ɗaki, 'yar'uwa. Yoyon fitsari ana ɗinke shi. Akwai asibitin Babbar Ruga a Katsina, akwai sashen Laure a asibitin Murtala na Kano.