Uncle Tom's Cabin da wariyar launin fata

Uncle Tom's Cabin ƙagaggen labari ne da Harriet Beecher Stowe, wata farar fata 'yar Amurka, ta rubuta don yaƙi da bauta. An fara buga shi kashi-kashi a jaridar The National Era a watan Yunin 1851, ya fito a littafi a watan Maris na 1852, kuma a shekarar farko aka sayar da kwafi wajen 300,000 a Amurka. Abin da ya tunzura ta shi ne dokar 1850, wadda ta tilasta wa mutanen jihohin da ba a bauta su taimaka a kamo bawan da ya gudu a mayar wa ubangijinsa.

Tom bawa ne a Kentucky. Bashi ya yi wa ubangijinsa katutu, sai ya sayar da shi, aka raba shi da matarsa da 'ya'yansa. A ƙarshe ya faɗa hannun Simon Legree a Louisiana, wanda ya sa aka yi masa dukan da ya zama ajalinsa, saboda ya ƙi tona asirin wasu bayi mata biyu da suka ɓuya.

Littafin ya girgiza zukata, ya sa dubban mutane ƙyamar bauta. Amma ko a cikinsa ba a kalli baƙar fata da ido ɗaya ba. Masu kaifin basira da ƙarfin halin guduwa galibi ruwa biyu ne, masu hasken fata: George Harris da ya ƙirƙiro na'ura a masana'anta, da matarsa Eliza da ta tsallake kogin Ohio a kan ƙanƙara rungume da ɗanta. Baƙaƙe kuwa haƙuri da biyayya aka ba su, ko a mai da su abin dariya kamar yarinyar nan Topsy. Marubuciyar ta sha bayyana baƙar fata a matsayin jinsi mai taushin zuciya da sauƙin kai irin na yara. Da nufin yabo ta faɗa, amma yabon da ke mayar da babba yaro ƙasƙanci ne.

Ita kanta ta hango wani ɓangare na wannan cuta. A cikin labarin akwai Ophelia, farar fata mutuniyar jihohin arewa da ba a bauta, wadda ta tsani bauta, amma ta amsa da bakinta cewa tana ƙyamar Topsy ta taɓa ta, yarinyar kuma ta daɗe da ganewa. Wannan yana cikin wuraren da littafin ya fi faɗin gaskiya.

Ƙarshen labarin ya jawo cece-ku-ce tun a lokacin, domin George da iyalinsa Laberiya suka koma, kamar dai baƙin da ya sami 'yanci ba shi da wurin zama a ƙasar da aka haife shi. Martin Delany, baƙar fata ɗan gwagwarmayar yaƙi da bauta, ya soki Stowe a 1853. Frederick Douglass, wanda shi kansa gudu ya yi daga bauta, ya kare ta, duk da bai yarda da kwashe baƙaƙe zuwa Afirka ba.

Ɓarna mafi girma a dandalin wasan kwaikwayo aka yi ta. Doka ba ta ba marubuciyar ikon hana a mayar da littafinta wasa ba, sai 'yan wasa fararen fata suka riƙa shafa baƙi a fuska suna yawo gari-gari shekara da shekaru. Tom na littafi ƙaƙƙarfan magidanci ne da ya zaɓi mutuwa a kan cin amana. Tom na dandali kuwa tsoho ne mai rawar jiki gaban farar fata. Daga nan sunan "Uncle Tom" ya zama zagi ga baƙin da ke yi wa fararen fata fadanci. A 1949 James Baldwin, marubuci baƙar fata ɗan Amurka, ya rubuta maƙala mai zafi, yana cewa an hana Tom cikakken mutuntakarsa, an bar shi da haƙuri kawai.