Waiwaye: gardamar "masana sun ce" ta girmi wayar hannu

Tun annobar korona ta 2020 ake wata gardama da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Wannan ya ce masana sun tabbatar, wancan ya ce shi sai ya gani da idonsa. Yau a kan rigakafi, gobe sauyin yanayi, jibi irin shukar da aka sauya wa halitta. Da yawa suna ɗora laifin a kan wayar hannu. Waya amsa-kuwwa kawai ta zama. Gardamar kanta ta haura shekara 350, tare aka haife ta da kimiyyar zamani.

Farkon labarin kowa ya ji shi a aji. A 1543 littafin Copernicus ya fito yana cewa duniya ce ke zagaya rana. A 1610 Galileo ya ba da labarin watanni huɗu, irin watan da ke sama, da ya hango da madubin hangen nesa suna kewaya duniyar Jufita. Bacon a 1620 ya ce a bar dogaro da magabata a koma gwaji, Descartes a 1637 ya ce a fara da shakka, Newton ya ɗaure zancen da lissafi a 1687. Galibi nan ake rufe littafi.

Abin da ake tsallakewa wani tulun gilashi ne. A 1659, a birnin Oksfod na Ingila, Robert Hooke ya ƙera wa maigidansa Robert Boyle famfon da ke zuƙe iska daga cikin tulun. Aka sa kyandir, ya mutu. Aka rataya agogo, ƙararsa ta ɓace alhali yana tafiya. Aka sa tsuntsu, ya yi ta fafutika har ya ce ga garinku. Gwaji 43 Boyle ya wallafa a 1660.

To amma wa ya gani? Na'urar akwai tsada, ga yawan yoyo, kuma a duk Turai ba ta wuce a ƙirga ta da yatsu ba. Sai Boyle ya ɓullo da dabara: a yi gwajin gaban shaidu masu mutunci, sannan a rubuta shi dalla-dalla, har da inda ya ƙi, ta yadda mai karatu zai ji kamar yana cikin ɗakin. Wanda ya san yadda malaman hadisi ke tantance mai ruwaya ba zai ji wannan baƙo ba: ingancin labari na rataye da amanar wanda ya kawo shi. Sai dai a Ingilar lokacin, mai mutunci na nufin mai asali da abin hannu. Masu aikin da ke gumi a kan hannun famfon, da wuya ka ga sunansu a takarda.

Zamanin ma da dalilinsa. Ingila ta fito daga yaƙin basasa, an sare kan sarki a 1649, an maido da sarauta a 1660. Mutane sun gaji da musun addini da na mulki da ke ƙarewa da takobi. Da aka kafa ƙungiyar masana ta Royal Society a Landan cikin Nuwambar 1660, abin da ake nema shi ne ɗakin da za a yi saɓani ba a zub da jini ba: a yarda da abin da ido ya gani, a yi sassauci a kan dalilinsa. Kirarin da suka zaɓa da Latin, ma'anarsa kada a ɗauki maganar kowa.

Masanin falsafa Thomas Hobbes bai yarda ba. A 1661 ya rubuta raddi: famfon na yoyo, tulun bai zama fanko ba don babu wani fili da ba komai a cikinsa, kuma abin da 'yan tsiraru suka gani a ɗakin da ba kowa ke shiga ba, ta yaya zai zama hujja a kan sauran jama'a? A batun iska ya yi kuskure. A batun ƙofar ɗakin kuwa, ni dai ban ga an ba shi amsar da ta kashe bakin zaren ba.

Ba a jima ba aka ga misali. Christiaan Huygens ya ƙera nasa famfon a Holan, ya lura cewa ruwan da aka tsotse wa iska yana maƙalewa a bututu, ya ƙi sauka. A Landan aka gwada, aka sake gwadawa, shiru. Famfon wa ke da aibu? Wasiƙu suka yi ta kai-da-komo, zane da bayani suka kasa raba gardama. Sai da Huygens ya taka ƙafa ya zo Landan a 1663, aka yi aikin tare da shi, sannan abin ya bayyana. Ashe akwai sanin da ke hannun mai yi, wanda takarda ba ta ɗauka.

A Maris na 1665 sakataren ƙungiyar, Henry Oldenburg, ya fara buga mujallar Philosophical Transactions, inda ake ajiye irin waɗannan rahotanni da sunan mai su. Daga wannan tushe tsarin ya bunƙasa har ya kai ga tantancewar takwarori da muka sani yau, wato masana su duba aikin ɗan'uwansu kafin a wallafa shi. Tsarin ya yi aiki, shi ya kawo mu ga maganin sa barci a ɗakin tiyata da wayar da ake gardamar a kanta. Amma an gina shi a kan kirarin da ke cewa kada ka yarda da kowa, da aikin da ba ya tafiya sai ka yarda da wani. Mai cewa sai ya gani da idonsa ya riƙe kirarin, mai cewa masana sun tabbatar ya riƙe aikin.

Bambancin wancan zamani da yau kawai, famfon Boyle mai hali zai iya sa a ƙera masa. Na'urar binciken ƙwayar zarra da ke kusa da Janeba, zagayenta kilomita 27 ne, ba wanda zai sa a ƙera masa tasa. Hobbes dai ya rasu a 1679 bai taɓa zama ɗan ƙungiyar ba, mujallar Oldenburg kuma har yau tana fitowa.