Waiwaye: Fiye da shekara 200 ana neman wuta a igiyar teku

Mutumin Sakkwato zai iya tsufa bai taɓa ganin teku ba. Ruwan da ya sani shi ne gulbin Rima da madatsar Goronyo, sai Kainji da yake jin labarin ana samar da lantarki a can. Amma duk ranar da aka ɗauke wuta a tsakiyar zafin Afrilu, ba a rasa wanda zai ce a majalisa, ai Turawa har da igiyar teku suke yin wuta. Gaskiya ne, sai dai tarihin abin faɗuwa ta fi yawa a cikinsa.

Tun a 1799 wani Bafaranshe mai suna Girard, shi da ɗansa, suka yi rajistar dabarar amfani da ƙarfin igiyar ruwa a birnin Faris. Cikin waɗanda suka fara cin moriyarta a aikace akwai Yoshio Masuda, tsohon hafsan sojan ruwan Japan. Ya ƙera tulun ƙarfe mai shawagi wanda ruwa ke hawa da sauka a cikinsa, yana tura iska tana juya fanka, fankar kuma tana kunna fitilar da ke nuna wa jiragen ruwa hanya. Zuwa 1965 an fara sayar da irinsa.

Rikicin man fetur na 1973 ne ya farkar da Turai. A 1974 Stephen Salter na Jami'ar Edinburgh ya fito da na'urar da ake wa laƙabi da agwagwa, saboda yadda take sunkuyawa tana ɗagowa a kan ruwa. A gwaji ta ba da mamaki, amma a 1982 gwamnatin Birtaniya ta janye yawancin kuɗin shirin. Aikin ya yi sanyi har 2000, lokacin da aka haɗa tashar Limpet ta tsibirin Islay a Sikotilan da layin wuta. A 2008 Fotugal ta buɗe tashar Aguçadoura da injinan Pelamis guda 3, masu kama da macijin ƙarfe, jimillar ƙarfinsu megawat 2.25. Cikin 'yan watanni aka janyo su bakin gaɓa, kamfanin da ya ƙera su kuma ya durƙushe a 2014. Wadda ta jure ita ce ta Mutriku a Sifaniya, da aka gina cikin katangar tashar jiragen ruwa a 2011, ƙarfinta kuwa bai kai kilowat 300 ba. Injin janareton babban otal ya fi ta.

Matsalar ba rashin ƙarfi ba ce, ƙarfin ne ya yi yawa. Gishiri na cin ƙarfe, gyara a tsakiyar teku na cin kuɗi, kuma dole a gina injin da zai jure guguwar da ba ta zuwa sai jifa-jifa. A ranar 1 ga Janairun 1995 na'urar da ke dandamalin iskar gas na Draupner a Tekun Arewa ta auna igiya guda mai tsayin fiye da mita 25.

Inda aka ci nasara sosai shi ne auna igiyar. A Yaƙin Duniya na Biyu masana teku Harald Sverdrup da Walter Munk suka tsara hanyar hasashenta domin sojojin da za su sauka a gaɓa. Daga nan aka samu ma'aunin da ake amfani da shi har yau: a ware kashi ɗaya cikin uku na igiyoyin da suka fi tsayi, a ɗauki matsakaicinsu. Tulunan awo suka bazu a tekuna, sannan taurarin ɗan'adam suka shigo, Seasat a 1978, TOPEX/Poseidon a 1992.

A ganina wannan ɓangaren ne ya fi shafar Najeriya, mai gaɓar teku kusan kilomita 850. Igiyar da ke dukan Legas daga can kudancin Atilantika take tasowa, ba ta kai ta Sikotilan ƙarfi ba, amma ta iya cin ƙasa. Katangun da Turawan mulkin mallaka suka gina a mashigar tashar Legas a farkon ƙarni na 20 sun tare yashin da ruwa ke ɗaukowa daga yamma, shi ya sa teku ta yi ta cinye Bar Beach shekara da shekaru. Garin Ayetoro na Jihar Ondo ma ruwa na lashe gidajensa. An kafa cibiyar binciken teku ta NIOMR a Legas tun 1975.

Nan gida kuwa, abin da 'yan majalisar hira ba su cika lura da shi ba shi ne igiyar teku jikar rana ce: rana ke ɗumama iska, iska ta tayar da ruwa. Kakar tana nan bisa kanmu tana gasa mu, kuma ita ce Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta daɗe tana aiki a kanta, daga tukunyar girki har na'urar busar da amfanin gona.