Me ake nufi da "gaslighting" a asibiti, kuma wa aka fi yi wa?

Mutum ya kwana bai runtsa ba saboda ciwo. Gari ya waye, ya yanki kati, ya bi layi, ya samu ya shiga wajen likita. Bai rufe baki ba aka katse shi: "Ba komai, gajiya ce, je ka sha farasitamol." Ya fito yana tambayar kansa, anya ba ni ne na cika raki ba? To, a wannan tambayar gizo ke saƙar. An mayar da shi mai kokwanton abin da yake ji a jikinsa, kuma wannan ne Turawa suke kira "medical gaslighting". A Hausa babu abin da ya fi kusa da shi kamar rainin hankali, ko a ce an yi wa majinyaci kunnen uwar shegu.

Kalmar ta fito ne daga wasan kwaikwayon Gas Light da Patrick Hamilton ya rubuta a Ingila a 1938. Wani magidanci ne yake ɓoye kaya ya ce matarsa ce ta ɓatar, da dare kuma hasken fitilun gas na gidan ya riƙa raguwa, har baiwar Allah ta fara zaton kanta ne ya taɓu. A 2022 ƙamus ɗin Merriam-Webster na Amurka ya zaɓe ta a matsayin kalmar shekara. Sai dai na asibiti ya bambanta da na mijin nan, domin shi da gangan yake yi, likita kuwa galibi bai ma san yana yi ba. Kuma ba kowane kuskuren gano cuta ne ya shiga wannan layi ba. Wanda ya saurare ka, ya sa aka yi gwaji, ya kuskure, ɗan'adam ne. Wanda ake magana a kai shi ne wanda ya yanke hukunci tun daga ganin fuskarka da tufafinka.

Abin da ya sa maganar ta yi zafi a Amurka da Birtaniya shi ne ba kowa ake yi wa daidai ba. A watan Satumba na 2017 aka yi wa Serena Williams, shahararriyar 'yar wasan tanis baƙar fata ta Amurka, tiyata aka ciro 'yarta. Washegari numfashi ya fara yi mata wuya. Ta san alamar, don jini ya taɓa daskare mata a huhu a 2011, saboda haka ta ce wa nas a yi mata hoton CT, wanda ke nuna cikin jiki, a kuma ɗaura mata maganin tsinka jini. Nas ɗin ta zaci maganin kashe zafi ne ya juya mata kai. Aka duba ƙafafunta ba a ga komai ba. Da aka yi hoton da ta nema tun farko, sai ga gudajen jini a huhunta. Wannan fa Serena ce, da sunanta da dukiyarta. Alƙaluman gwamnatin Amurka na 2021 sun nuna cikin kowace haihuwa 100,000, mata baƙar fata kusan 70 ne suka rasu, farare kuwa kusan 27.

Daga ina wannan yake tasowa? Wani bincike da aka yi a Jami'ar Bajiniya a 2016 ya tambayi ɗaliban likitanci da sababbin likitoci farar fata 222. Kusan rabinsu sun yarda da aƙalla ɗaya daga cikin camfe-camfen da aka gabatar musu, irin su wai fatar baƙi ta fi ta Bature kauri. Masu wannan tunani kuma su ne suka fi rage wa ciwon baƙar fata maki. Wanda ya ɗauka kai jikinka ya fi ƙwari, da wane kunne zai saurari kukanka?

Masu sikila sun fi kowa sanin zancen. Ciwonsu galibi ba ya nuna jini ko kumburi da za a gani, kuma maganin da ke kwantar da shi mai ƙarfi ne, sai a riƙa yi musu kallon 'yan ƙwaya. A 2019 wani matashi ɗan shekara 21, Evan Smith, ya kira lambar gaggawa ta 999 daga kan gadonsa na asibiti a Landan, saboda ya nemi iskar oksijin an hana shi. Ya rasu, kuma mai binciken musabbabin mutuwa ya ce da an canja masa jini da wuri da bai mutu ba. Rahoton da 'yan majalisar Birtaniya suka fitar a 2021 kan masu sikila, sunan da suka ba shi ma'anarsa "babu mai saurare". Mu kuwa Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu wannan cuta.

A nan gida launin fata ba shi ne ma'auni ba, amma akwai ma'aunin. Babban mutum ya shigo da babbar riga yana jefa Turanci, a ja masa kujera. Matar da ta taso daga ƙauye tun asuba, ga kunya, ga miji ko suruka na amsa tambaya a madadinta, ga likitan da wataƙila ba ya jin Hausa ko Fulatanci, sau da yawa abin da ya kawo ta a bakinta yake komawa gida. Ban manta da cewa likita ɗaya kan duba mutane masu tarin yawa a wuni ba, amma ƙarancin lokacin ma ai ba daidai ake raba shi ba. Wani bincike da Hukumar Lafiya ta Duniya ta jagoranta a Najeriya da Gana da Gini da Miyanma, wanda aka wallafa a 2019, ya gano fiye da kashi ɗaya cikin uku na matan da suka haihu a asibiti sun sha tsawa, zagi, mari ko wariya. Waɗanda abin ya fi faɗa wa su ne masu ƙananan shekaru da waɗanda ba su yi boko ba.