Waiwaye: Yadda jama'ar gari suka shigo aikin awon ruwan sama da ƙirgen tsuntsaye

Tun 1905 ake rubuta yawan ruwan saman da ke sauka a Kano. Da wannan kundi ne masu bincike suke kwatanta shekarar 1913, wadda ta jawo yunwar Kakalaba, da farin 1973 da na 1984. Sai dai alƙaluman da aka fi dogaro da su a yau daga tashar hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, da ke filin jirgin saman Malam Aminu Kano suke fitowa, shi kuwa hadarin damina ba ya rabo daidai. Sai a sheƙa kamar da bakin ƙwarya a Kurna, matan Naibawa suna shanya abinsu. Ma'auni ɗaya ba zai faɗi unguwar da kwalbati zai cika ba.

Wannan giɓi ne ya sa masana suka daɗe suna neman hannun mutanen gari. A Ingila, masanin yanayi George Symons ya fara tattara awon ruwan sama daga 'yan sa kai tun 1860. A Amurka kuma, ambaliyar garin Fort Collins ta watan Yulin 1997 ta nuna cewa wani gefen gari na iya nutsewa alhali ruwan da ya sauka a ɗaya gefen bai kai rabinsa ba. Shi ya sa a 1998 aka kafa shirin awon ruwan sama mai suna CoCoRaHS, inda kowa ke kafa ma'auni iri ɗaya a gidansa, ya aika da sakamako kowace safiya.

A Najeriya ta kan tsuntsaye abin ya fi kankama. A 2015 cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Jos ta fara shirin taswirar tsuntsayen ƙasar nan. An yanka taswirar ƙasar gida-gida, kowane gida kusan kilomita 9 tsawo da faɗi. Mai ƙirge zai yi aƙalla awa 2 a gida ɗaya, ya leƙa kududdufi da gona da bayan gari, ya shigar da kowane irin tsuntsu a manhajar BirdLasser bi da bi yadda ya gan su. Ba baƙon ilimi ba ne a nan, domin manomi ya daɗe yana karanta isowar damina daga zuwan shamuwa. Abin da ya ƙaru shi ne rubutu da kwanan wata. Kowa ya san ungulu ta yi ƙaranci a mayanka, a 2015 ma aka sa ta a jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa, amma tambayi mutum goma shekarar da suka daina ganinta, amsa goma za ka samu.

Awon ruwa ya fi sauƙin shiga, ya kuma fi sauƙin ɓaci. Gwangwani miƙaƙƙe, wanda faɗin bakinsa da na gindinsa ɗaya ne, ya wadatar: zurfin ruwan da rula ta nuna shi ne awon, kuma milimita 1 na nufin lita 1 a kan kowace murabba'in mita. Bokiti mai faɗin baki yana ƙara lissafi, haka kwalbar da aka ɗora wa mazurari. A ɗaure gwangwanin a kan turke kamar mita 1 daga ƙasa, kada fantsalin ƙasa ya shiga ko akuya ta sha, bakinsa kuma ya zauna daram ba karkace ba. Nisansa da katanga ko bishiya ya kai ninki biyu na tsayinsu. Nan gidajen cikin ganuwa suke gazawa: tsakar gida matsattse ne, katanga ta tare ruwan da iska ke korowa daga gabas, indararo kuma ya zuba wanda ba nasa ba. Filin makaranta ya fi.

A duba a lokaci ɗaya kullum, misali ƙarfe 7 na safe, a rubuta, a zubar. In aka bar shi har azahar, rana ta sha nata kason. Kuskuren da ya fi yawa kuwa shi ne barin layi fayau ran da ba a yi ruwa ba. Mai nazari ba zai san ko ruwa ne bai sauka ba ko mai awon ne ya tafi Dawanau cin kasuwa, don haka ranar da gwangwani ya kwana a bushe, sifili ake rubutawa.