Ƙwarƙwara ko farka? Sunan matan fadar Faransa

Kwanan nan duk mai sharhin da zai yi maganar macen da ke juya mai mulki ta bayan fage sai ya ce "ƙwarƙwara". Har na ji wani a rediyo yana kiran Madam Pompadour ƙwarƙwarar Sarkin Faransa. Abin ya tsaya mini a rai, domin an ɗora kalmar inda ba wurinta ba.

Ƙwarƙwara baiwa ce. Shi ya sa ake ce mata sa-ɗaka, wato wadda ubangijinta ya sa a ɗaka. Shari'a ta san da zamanta, ɗanta ɗan halak ne mai cin gado.

Pompadour kuwa 'ya ce, ba baiwa ba, kuma matar wani ce. Mijinta na raye aka gabatar da ita a fadar Versailles a 1745 a matsayin masoyiyar Sarki Louis na 15. Sunan wannan a Hausa farka. Abin da ya sa mutane ke rikicewa shi ne a Faransa farkanci ya zama kamar sarauta: ɗakuna kusa da na sarki, barori, kuɗi daga baitulmali, sarauniya tana ji tana gani. Har sharaɗi gare shi, sai mai laƙabin sarauta. Don haka aka aurar da Madam du Barry, wadda ta zama farkar sarkin bayan Pompadour, ga wani basarake a 1768, auren suna kawai, kafin a shigar da ita fada a shekara ta gaba.

Dubi iyakar inda hannun Pompadour ya kai. Minista Maurepas ya rasa kujerarsa a 1749 saboda waƙoƙin zambo da aka ce shi ya yi mata. Ita ta ɗaga Choiseul har ya riƙe harkokin waje, ƙanenta kuma aka ba shi kula da gine-ginen sarki. Wajen 1750 ta daina raba shimfiɗa da sarki, amma jakadu ba su daina zuwa gaishe ta ba har ta mutu a 1764. Wace baiwa ce ke korar minista? Kuma dukiyar da ta kashe kan gidaje da lambuna gumin manomi ne, wanda harajin ya fi faɗawa a kansa. Wannan ne ke ƙona mini rai idan na ji ana yaba mata da son zane-zane da tangaran.

Ɗaya daga cikin gidajen, wanda ta saya a Paris a 1753, shi ne fadar Elysee, inda shugaban Faransa ke zaune yau.